Wace manhaja ce ta fi dacewa da lissafin yawan orka?

Mai son lissafa ko garken orka, babbar dabbar tekun nan da Turawa ke kira killer whale, zai ƙaru ko zai ƙare, zaɓi huɗu ne ya fi cin karo da su: Excel, RAMAS, popbio da ke aiki cikin manhajar ƙididdiga ta R, da kuma Vortex. Ni dai Vortex ce tawa.

Dalilin shi ne ƙanƙantar garken. Orka mazauna kudu, na gaɓar Fasifik tsakanin Amurka da Kanada, sun kai 98 a 1995, yanzu kuwa 70 ne da 'yan kai. Tun 1976 ake ƙidaya su kowace shekara, kowace an san ta da siffar fiffiken bayanta. A garke irin wannan, mutuwar mace ɗaya mai haihuwa babban giɓi ne, kuma lissafin matsakaici yakan shafe giɓin. Vortex tana bin kowace dabba ɗaya bayan ɗaya, ta jefa mata ƙuri'ar haihuwa ko mutuwa a kowace shekara, ta maimaita sau ɗaruruwa ko dubbai, sannan ta nuna sau nawa garken ya ƙare. Za ka iya sa mata illar barbarar dangi da kuma shekarar da abinci ya yi ƙaranci. Da ita Robert Lacy da abokan aikinsa suka yi nazarin 2017 da ya nuna ƙarancin kifin Chinook, babban abincinsu, ya fi hayaniyar jiragen ruwa da gubar sinadarin masana'antu na PCB danne ƙaruwar garken. Kyauta ce. Matsalarta, don Windows aka yi ta.

Popbio ba ta da laifi idan koyo kake yi: da ita za ka sake gina lissafin Brault da Caswell na 1993, wanda ya kasa matan orka gida huɗu bisa matakin rayuwarsu, ya samu ƙaruwar kusan kashi 2.5 cikin ɗari a shekara. RAMAS sai da kuɗi. Excel kuwa, a bar ta ga lissafin albashi.

Inda ake cutar mutane shi ne wajen masu sayar da shiryayyen fayil. Wani ya taɓa sayar mini da irinsa, zane tsaf-tsaf, ashe ya lissafa tsofaffin mata cikin masu haihuwa. Macen orka tana daina haihuwa wajen shekara 40, ta ci gaba da rayuwa shekaru masu yawa, don haka fayil ɗin ya yi ta haifo 'ya'yan da babu su. Wasu kuma sukan cakuɗa alƙaluman mazauna masu cin kifi da na orkan Bigg masu farautar dabbobin teku, alhali ba sa ko barbara da juna, kuma na Bigg ƙaruwa suke yi. Duk wanda ya ce ka biya shi kuɗin Vortex, damfara ce. Kafin ka karɓi fayil daga hannun kowa, buɗe shafin haihuwa ka ga shekarar da ya tsayar da mata, sannan ka tambaye shi daga wane garke ya ɗauko adadin mutuwar jarirai.