Busasshiyar tsutsar ƙudan soja: tana sa 'yan tsaki masu firgita su saba da hannu?

Ana sayar da ita a leda ko a 'yar roba mai murfi, galibi da haruffan BSF (gajeren sunan ƙudan a Turanci) a jiki, a wasu shagunan kayan kiwon kaji da kuma ta intanet. Tsutsar baƙin ƙudan soja ce da aka kiwata aka busar, launinta ƙasa-ƙasa, ba ta da nauyi, tana ƙaras idan an murza. Masu sayarwa sun fi tallata ta a matsayin ƙarin abinci, don furotin ɗinta ya kai wajen kashi 40 cikin 100, mai kuma wajen kashi 30. Amma inda ta fi cancantar kuɗinta shi ne wajen horar da kajin da ke watsewa da zarar sun ga inuwar mutum. A wannan aikin tana yi, matuƙar an yi amfani da ita yadda ya dace.

Ɗan tsako tun daga ƙwai yake tsoron duk abin da ya sauko masa daga sama, don ta can shaho da shirwa ke zuwa. Mai kiwon da ya tsaya a kan kwali ko akurki ya zura hannu daga sama, shaho ne a idonsu, ko da abinci ya kawo. Shi ya sa gero da tsaki ba sa isa: abin da suke samu kullum ne, ba zai rinjayi tsoro ba. Tsutsa kuwa kwaɗayinta ya fi ƙarfinsu. Da ɗaya ta ɗauka ta ruga da ita a baki, sauran za su bi ta a guje, kuma daga nan aikin ya soma.

A fara bayan sun yi kamar mako biyu. A zaɓi lokaci ɗaya a rana, minti 10 zuwa 15 sun isa, kuma ya fi kyau da safe kafin a ƙara musu abinci. A zauna a ƙasa ko kan 'yar kujera, a juya musu gefe, kada a ƙura musu ido. Kwana biyu ko uku na farko a watsa 'yan ƙwayoyi nesa kaɗan, kada a taɓa kowa. Sai a riƙa matso da inda ake zubawa har ya iso gaban ƙafa. Bayan haka a shimfiɗa bayan hannu a ƙasa, tsutsa a tafin, a bar hannun kamar ba mai rai ba. Za su zo suna miƙa wuya suna ja da baya. Nan ne yawancin mutane ke ɓata aikinsu: da tsako ya hau tafi sai a rufe yatsu a kama shi. Kamu ɗaya irin wannan yana iya rushe aikin mako guda, kuma kukan wanda aka kama yana firgita duka garken. A bar shi ya hau ya sauka da kansa. Sai ya daina damuwa da hannun ne za a shafa ƙirjinsa da yatsa ɗaya, daga ƙasa, ba ta baya ko kai ba. Ɗagawa ita ce ta ƙarshe: hannu ɗaya a ƙarƙashin ƙirji, ɗaya a kan fukafukai, a ɗaga kaɗan, a sauke kafin ya fara fizge-fizge. Kada a matse ƙirji, don da motsinsa kaza ke numfashi.

Ƙaramin abin da robar ta fi leda da shi: idan an girgiza tana ƙara. A girgiza kafin kowace bayarwa, cikin 'yan kwanaki ƙarar ta zama kira. Ranar da ake son shigar da su akurki kafin hadari ya sauko za a ga amfaninsa.

Sharaɗi mafi girma shi ne kada tsutsar ta fito daga ko'ina sai daga hannu. Wanda ya juye ta cikin mazubin abinci ya yi asarar kuɗinsa ta wannan fuskar, don kaji za su so mazubin, ba mutum ba.

Tana da illolinta. Man da ke cikinta yana da yawa, saboda haka duk kayan kwaɗayi kada su wuce kashi 10 cikin 100 na abin da suke ci a rana. Ga 'yan tsaki goma masu mako biyu zuwa uku, babban cokali ɗaya ya wadatar, a farfasa da yatsu don ƙanana na shan wahalar haɗiye ta ɗungurungum. Idan aka wuce gona da iri sai su riƙa ƙin abincinsu na buhu, kashinsu ya yi ruwa. Dole kuma a ajiye musu yashi mai kaushi mai tsafta a wani ɗan kwano, domin ƙundu da tsakuwa yake niƙa fatar tsutsar. Abincin buhu kaɗai ne ba ya buƙatar haka. Da damina tsutsar tana jan danshi da sauri. A rufe ta ruf, a ajiye inda rana ba ta bugu. Kafin a saya a shinshina: mai kyau ƙamshinta kamar na soyayyen abu, wadda ta yi warin tsohon mai ko ta dunƙule ko ta yi fumfuna a bar wa mai shago kayansa. Leda mai gari da yawa a ƙasa alama ce ta daɗe ko ta sha dannewa.

Akwai wata siririyar tsutsa ruwan zinare da ake shigowa da ita daga waje. Kaji na son ta ƙwarai, furotin ɗinta ma ya fi yawa, sai dai ta ƙudan soja ta fi ta sinadarin ƙarfafa ƙashi da ɓawon ƙwai nesa ba kusa ba. Gara kuma, wadda aka daɗe ana ɗebo wa 'yan tsaki da 'yan zabi, kyauta ce kuma ba ta da na biyu wajen kwaɗayi, amma ba ta zama a tafin hannu, masu manyan kai cikinta suna cizo. Soyayyar fara ta kasuwa ba ta dace ba saboda gishiri da yaji.

Kada a sa ran sakamako iri ɗaya. Kajin Noiler da jajayen kajin ƙwai irin ISA Brown sukan saba da wuri. Kajin gida, musamman waɗanda uwa mai tsoro ta reno, suna iya zuwa su ci a hannu amma su ƙi a ɗauke su har abada. Tsutsa ba ta canza jini. Sagara takan ƙara natsuwa da kanta idan ta kusa fara ƙwai, wajen mako 18 zuwa 20. Wadda ta ƙi sam, a ɗauke ta da dare daga inda take kwana, don kaza ba ta gani sosai a duhu. Kora da rana kuwa ƙara mata tsoro kawai take yi.

Wani zai ce sabo da kaza ba ya hana yanka ta, to mene ne na wahala? Amfanin yana ranar ɗiga maganin rigakafi a ido, ranar duba ƙwarƙwata a ƙarƙashin fiffike, da ranar da ake son ware marar lafiya ba tare da an tattake sauran a kusurwa ba. Ga mai kaji 10 zuwa 30 a gida, ƙaramar roba ɗaya ta isa horon gaba ɗaya, kuma ta cancanci saye duk da ta fi abincin buhu tsada sosai. Mai kajin nama ɗari biyar da zai sayar cikin mako shida ba ya buƙatarta. Shi tafiya a hankali cikin ɗaki da ƙwanƙwasa ƙofa kafin shiga sun fi masa amfani. A wanke hannu da sabulu bayan kowane zama, yara musamman.