Hita ko shimfiɗar ɗumama katifa: wanne batirin sola zai iya ɗauka a hunturu?

Wani ɗan'uwa a wannan zaure, mazaunin bayan garin Jos, ya kawo tambaya. Wutar NEPA ba ta kai unguwarsu ba, da sola suke amfani: batiran ruwa biyu masu 200Ah da inbata. Mahaifiyarsa ba ta samun barci da zarar sanyin Disamba ya kankama, kuma a yanzu kaskon gawayi ake kai mata ɗaki. Yana so ya sani, hitar ɗaki zai saya ko shimfiɗar nan ta lantarki da ake ɗorawa a kan katifa?

Malam, Allah ya ƙara wa Hajiya lafiya, kai kuma ya saka maka da alheri. Shimfiɗar za ka saya. Ga dalili, kuma lissafi ne da za ka iya yi da kanka.

Kowane batir naka bolt 12 ne sau 200, wato wat-awa 2,400 (wat-awa shi ne ma'aunin yawan wutar da aka tara ko aka sha). Biyun sun ba ka 4,800. Amma batirin ruwa ba a shanye shi har ƙasa. In kana so ya yi maka shekaru, rabi kawai za ka riƙa ɗiba. Ke nan abin da ke hannunka a dare guda 2,400 ne, kuma a ciki za a kunna fitilu, a yi cajin waya, wataƙila har da talabijin.

To ɗora hita a kan wannan. Hitocin ɗaki da ake samu a kasuwa galibi suna jan wat 1,000 zuwa 2,000. Mai wat 1,500 za ta cinye rabon daren nan kaf cikin kimanin awa ɗaya da rabi, in ma inbatar ta yarda ta ɗauke ta. Ka kunna bayan isha'i, kafin sha ɗaya inbata ta fara kuka. Kuma sanyin da ke hana tsofaffi barci ba na farkon dare ba ne, na wajen asuba ne, lokacin da hitar ta daɗe da mutuwa. Ɗumin da ta bayar ma ba ya zama. Iska mai zafi sama take yi, rufin kwano ya miƙa ta waje, ta ƙarƙashin ƙofa sabon sanyi ya shigo. Ɗumama irin ɗakunanmu da wutar batir zuba ruwa ne a kwando.

Shimfiɗa ta gadon mutum ɗaya kuwa tana jan wajen wat 50 zuwa 100. Mu ɗauki mai 60. Ko ta kwana awa takwas a lamba mafi zafi, 480 ta ci, kashi ɗaya cikin biyar na abin da kake da shi. A zahiri ba ta kai haka, domin ba wanda ke iya kwana a lamba ta ƙarshe, kuma mafi yawansu in sun kai zafin da aka saita sai su riƙa ɗaukewa suna dawowa.

Abin da ya sa wat 60 ke yin abin da wat 1,500 ya kasa shi ne, aikin ba iri ɗaya ba ne. Hita tana fama da iskar ɗaki duka, da bango, da silin. Shimfiɗa ba ruwanta da ɗaki. Ɗan wurin da ke tsakanin katifa da bargo kaɗai take ɗumamawa, kuma a wurin jikin mutum da kansa yana fitar da zafi kusan wat 80 yana barci. Jos tana kan tudu mai tsayin kusan mita 1,200, dare a Disamba da Janairu yakan sauka kusa da digiri 10. Wannan sanyi ne mai ratsa ƙashi a wurinmu, amma bargo mai kauri da ɗan ɗumi daga ƙasa sun ishe shi.

Za ka ga kuma ana sayar da bargon lantarki, wanda ake lulluɓa da shi. Wutar da yake ja kusan ɗaya ce da ta shimfiɗa. Na fi son shimfiɗar don abu biyu: zafinta yana tasowa daga ƙasa bargo ya tare shi, kuma tana kwance wuri ɗaya, ba a cukuikuye ta. Bargon lantarki kuwa ana juyi da shi, ana naɗewa, siraran wayoyin cikinsa suna lanƙwashewa har wata rana su karye.

Inda kwatancen ya fi buƙatar natsuwa shi ne tsakanin shimfiɗun kansu, don iri biyu ne.

Akwai wadda ake jonawa a soket, mai bolt 220 zuwa 240. Ita ce mai sauƙi a gare ka tunda akwai inbata a gidan. Sai dai tana da ɓoyayyen haraji: dole inbata ta kwana a kunne, kuma inbata tana cin wuta ko ba ta ɗauki komai ba. Matsakaiciya takan sha wat 20 zuwa 30 haka kawai, wato wasu wat-awa 200 ke nan kafin gari ya waye. In dama kuna barin ta a kunne saboda firji ko fitilar waje, ba ka yi asarar komai ba. Sannan ka duba irin inbatar. Akwai mai fitar da tatacciyar wuta irin ta NEPA, akwai mai araha wadda in ka jona mata fanka za ka ji tana ƙugi. Wannan ta biyun tana ƙona na'urar saita zafi ta shimfiɗu da yawa, musamman masu ɗan allo da lambobi. Mutum ya sayi sabon abu, daren farko ya mutu, ya zargi mai shago, alhali laifin inbatarsa ne.

Ɗaya irin kuma mai bolt 12 ce, wadda direbobin manyan motoci a Amurka ke kwana da ita a cikin mota. Tana shan wuta kai tsaye daga batir, ba ta bi ta inbata, saboda haka sai a kashe inbata a kwanta. Ƙarancin bolt ɗin ma ya sa hatsarin jan wuta ya ragu ƙwarai. Amma ita ma da nata sharuɗɗan. Wat 60 a bolt 12 amfiya 5 ne, kuma irin wannan wuta ba ta son tafiya mai nisa: in ɗakin Hajiya yana can ƙarshen gida, batir yana zaure, siririyar waya za ta zubar da ƙarfin a hanya ta kuma yi zafi. Sai waya mai kauri da fis kusa da batir. Abu na biyu, batira biyu a gidajen sola yawanci a jere ake haɗa su su ba da bolt 24. In haka naka yake, kada wani mai gyara ya ce zai ɗauko maka 12 daga batir ɗaya. Ɗayan zai riƙa ƙarewa ya bar ɗan'uwansa, ba da jimawa ba ka rasa duka biyun. Akwai ƙaramar na'ura mai sauke 24 zuwa 12, ita za a sa.

Da ni ne, in inbatar mai tatacciyar wuta ce, ta soket zan ɗauka in huta. In ba ita ba ce, mai bolt 12.

Kada kuma a raina jakar robar nan ta ruwan zafi. Lita biyu na ruwa da ya huce daga digiri 80 zuwa zafin jiki yana sakin kusan wat-awa 100, ba tare da an taɓa batir ba. Ba za ta kai asuba da zafi ba, amma a ranakun da hazo ya rufe rana, ƙura ta lulluɓe faifan sola, batir bai cika ba, ita ce mai ceto. A naɗe ta da tawul, kuma ba a zuba mata tafasasshen ruwa. Faifan ma a riƙa goge shi da safe a wannan lokaci.

Kaskon gawayi kuwa, don Allah a daina barin sa a ɗaki tun daga daren yau, ko an sayi shimfiɗa ko ba a saya ba. Gawayi yana fitar da iskar kabon monoksaid, ba ta da wari ba ta da launi, kuma jini yana kama ta fiye da yadda yake kama iskar shaƙa sau sama da 200. Garwashin da ya daina hayaƙi, wanda ake ganin ya zama lafiyayye, yana ci gaba da fitar da ita. Mai barci ba ya farkawa ya ce kansa na ciwo. A ji ɗumin a tsakar gida, a bar shi a can.

Saura abin da ya shafi Hajiya ita kanta. Fatar tsofaffi ba ta jure zafi mai daɗewa, kuma in tana da ciwon suga, ƙafafunta na iya ƙonewa ba ta ji ba. Hanya mafi aminci ita ce a kunna shimfiɗar rabin awa kafin ta kwanta, da bargo a rufe a kai, in ta shiga a mayar lamba mafi ƙasa ko a kashe, a sake kunnawa in an tashi sallar asuba. Wannan ma ya ƙara rage cin batir. A sa zanen gado a samanta, kada a kunna ta a naɗe, kada a soka mata allura ko fil. In jikoki suna kwana da ita, musamman jariri ko mai fitsarin kwance, a kashe kafin su hau.

Wajen saye, ka karanta takardar da ke ɗinke a gefenta. In wani ɗan'uwa zai aiko maka daga Amurka ko Kanada, tasu ta bolt 120 ce, soket ɗinmu zai ƙona ta nan take. Ta Ingila ko sauran Turai ita ce ta dace da wutarmu. Ka nemi mai kashe kanta bayan wasu awanni. Ta gwanjo kuma ka bar musu, tunda ba ka ganin halin da wayoyin cikinta suke.