Wa Zai Duba Maka Zanen Gini Kafin A Haƙa Harsashi?

Yawancinmu shafin farko muke kallo a zanen gini, inda aka yi hoton gidan da fenti da fulawoyi. Sauran shafukan, masu lissafin rodi da kaurin ginshiƙai da hanyar bututun ruwa, ba ma iya karanta su, alhali a can dukiyarka da rayukan iyalinka suke. Shi ya sa ake ɗaukar wakili, wanda kai ne ka biya shi, ya karanta maka zanen kafin a kwaɓa siminti.

Mafi araha shi ne tsohon birkila ko ɗan'uwan da ya taɓa gini. Kada ka raina shi. Shi ne zai lura ƙofar banɗaki tana kallon falon baƙi, ko baƙo ba zai shiga ba sai ya ratsa sashen mata. Amma lissafin nauyin dakin, wato rufin kankare na bene, ya fi ƙarfinsa, don haka shawararsa ta tsaya a gidan da ba bene ba.

Sai akitek, wato mai zana gini, na daban, ba wanda ya yi zanen ba, mai rajista da ARCON, hukumar da ke yi wa masu wannan sana'a rajista a Najeriya. Zai duba iska da haske da tazarar gini daga titi, abubuwan da ke sa hukumar tsara birane irin KNUPDA ta Kano ta dawo da takarda.

Idan kuwa bene ne, ko da hawa ɗaya, ni ban ga makawa ba sai injiniyan gini mai rajista da COREN, hukumar kula da aikin injiniya da aka kafa a 1970. Aikinsa ya jera zanen akitek da na injiniya ya ga ko bakinsu ɗaya. Shin ginshiƙin sama ya zauna a kan na ƙasa, ko a tsakiyar dakin aka ɗora shi? An auna ƙasar filin kafin a tsara harsashi, ko an kwafo na wani gida ne alhali filinka tsohon kududdufi ne da aka cike? An bar wa bututu hanya, ko sai an gama zubi mai aikin famfo ya zo da guduma yana fasa kankare har rodi ya bayyana? Gyaran irin wannan a takarda aikin yini ne. Bayan zubi kuwa, sai rushewa. Benen nan mai hawa 21 da ya rufta a Ikoyi ta Legas a Nuwamban 2021 ya kashe mutum fiye da 40, kuma wani kamfanin injiniyoyi ya riga ya janye hannunsa daga aikin a rubuce tun 2020.

Mai ƙididdigar kayan gini shi ma yana da rana, domin shi zai gaya maka ko buhunan siminti da tan na rodi da ɗan kwangila ya lissafa sun dace da zanen. Ka ɗauke shi tare da injiniya, ba a madadinsa ba. Kamfanin da ya haɗa duka waɗannan ya fi tsada, ya kuma fi dacewa da mai gina makaranta ko shaguna, ko wanda ke zaune a Saudiyya yana turo kuɗi.

Duk wanda ka zaɓa, kada ya zama ɗan kwangila ne ya kawo maka shi. Ka karɓi lambar rajistarsa ka tabbatar a hukumar. Ku yanke kuɗin duba zane a dunƙule, domin biya bisa kason kuɗin ginin yana ƙaruwa ne idan aikin ya ƙara tsada. Sannan ka nemi rahoto a rubuce, shafi bayan shafi, da sa hannunsa. Akwai masu buga hatimi ba tare da sun buɗe zanen ba, kuma wanda ya ƙi rubuta maka abin da ya gani, ka nemi wani.