I, Robot: labarai tara da aka ɗinke su zama littafi ɗaya

Wanda ya sayi wannan littafi na Isaac Asimov a wurin masu baza tsofaffin littattafai a Kaduna saboda hoton Will Smith da ke bangon wasu kwafe, ya sani fim ɗin 2004 daban, littafin daban. Gajerun labarai ne guda 9 kan mutum-mutumi, waɗanda suka fito ɗaya-ɗaya a mujallun Amurka daga 1940 zuwa 1950.

Na farkonsu, "Robbie", edita John W. Campbell ya ƙi karɓa, sai mujallar Super Science Stories ta buga shi da wani suna daban. Sauran takwas ɗin a mujallar Astounding ta Campbell ɗin suka fito. A 1950 maɗaba'ar Gnome Press ta haɗa su, Asimov ya ƙara hirar wani ɗan jarida da Dakta Susan Calvin, masaniyar halayyar mutum-mutumi a cikin littafin, a tsakani don labaran su riƙe juna. Ɗinkin yana nunawa. Ko sunan littafin ma ba zaɓinsa ba ne, mai maɗaba'ar ne ya aro shi daga wani labarin 1939.

Daɗinsa yana inda dokoki uku da aka gindaya wa mutum-mutumi suke cijewa: kada mutum-mutumi ya cutar da ɗan Adam, ya bi umarni, ya kare kansa. A "Runaround" na 1942 an aiki wani mutum-mutumi mai suna Speedy ɗebo sinadari daga wani tafki a duniyar da ta fi kusa da rana. Umarnin da aka ba shi sako-sako ne, wurin kuma akwai haɗari, sai doka ta biyu da ta uku suka yi kunnen doki, ya dinga zagaya tafkin kamar wanda ya sha ya bugu. Sai da Powell, ɗaya daga cikin mutanen da ke aiki da shi, ya jefa ransa cikin zafin rana kafin doka ta farko ta fizgo shi. Wannan kaɗai ya biya kuɗin littafin.

Rauninsa mutanen ciki ne. Ban da Calvin, duk salon maganarsu ɗaya, ga surutu. Labarin ƙarshe kuwa kusan lacca ne.

Kafin ka biya, ƙirga labaran su cika tara, ka buɗe tsakiya ka ja shafi a hankali. Tsohon bugu mai ƙaramin bango da gam aka haɗa shi, iskar hunturu kan busar da gam ɗin, shafuka su fara zubewa.