Farar ƙasar bokiti a kan jan bulon murhu: kyau har kyau, sai dai tsohon hayaƙi ya tona asiri

Wannan farar ƙasa da ake sayarwa a dame cikin bokitin lita 5, wadda masu gyaran gida a Ingila suka ishe mu da hotunanta a Instagram, ita na shafa wa jan bulon murhun ɗumi na falo, a irin tsofaffin gidajen nan na zamanin Sarauniya Biktoriya da ke jere bango ɗaya. Ba arha ba ce. A jikin bokitin an rubuta cewa ba ta buƙatar wani shiri, a jiƙa bulo kawai a shafa. Wannan magana ita ce ta jawo duk abin da zan faɗa.

Bari in fara da haƙƙinta. Kayan na gaskiya ne, farar ƙasa ce ta ainihi, ba fentin roba da aka yi wa suna ba. Za ku gane haka daga yadda take shiga bulo ta zauna, ba ta yin fata a samansa. Ana sirka ta da ruwa har ta yi ruwa-ruwa kamar madara, a goga da babban buroshi mai kaurin gashi, ana sarƙa hannu dama da hagu don ta shiga ramukan da ke tsakanin bulo. Lokacin da take jiƙe sai ka ga kamar ba ka shafa komai ba, ja yana leƙowa ta ko'ina. Kada wannan ya sa a ƙara kauri. Sai ta bushe farin ke fitowa, domin iskar da ke ɗaki ce ke mayar da ita dutsen alli a hankali. Shafi uku sirara, da tazarar kwana guda tsakanin kowanne, sun fi shafi ɗaya mai kauri nesa ba kusa ba. Mai kaurin tsagewa yake yi, ya riƙa zuba gari a kan kafet da rigar duk wanda ya jingina. A gefuna biyu na murhun, inda hayaƙi bai taɓa kaiwa ba, abin ya fito yadda ake so: fari mai laushi, marar sheƙi, bulo yana nan da zanensa. Da a nan aikin ya tsaya, tauraro biyar zan ba kamfanin da ya yi ta ba musu.

Matsalar tana saman bakin murhu, layi biyar zuwa shida na bulon da ke ƙarƙashin inda ake kafa kanta, wato katakon da ake jera kaya a kai. Shafin farko na bushewa, sai ga tabo ruwan ƙasa-ƙasa da ɗorawa yana fitowa, wani wuri zagaye, wani wuri a tsaye bisa hanyar bututun hayaƙi. Aka ƙara shafi na biyu, ya ɓace yana jiƙe, ya dawo da bushewa, har ya fi na farko faɗi. Na uku ma haka. Kuma ba datti ne na sama ba, don an wanke bulon nan da sabulu da buroshin ƙarfe har ya yi ja wur kafin a fara.

Duk wanda ya san tsohon murhu ya san dalili. Gidajen nan sun yi shekara da shekaru ana ƙona kwal a cikinsu. Hayaƙin kwal da na ɗanyen itace yana barin kwalta da gishiri iri-iri a cikin bulo, ba a samansa kawai ba, yana ratsawa daga cikin bututun zuwa waje. Muddin bulon a bushe yake, suna kwance lafiya. Da ka jiƙa shi, ruwa ya narkar da su, kuma duk ruwan da ya shiga bulo ta fuska zai fito yayin bushewa, ya ɗauko su ya ajiye maka a kan farin. Ita kanta farar ƙasa tana da kaifi irin na soda, tana taimakawa wajen narkar da kwaltar. To ka ga umarnin da ke jikin bokiti, wai a jiƙa bulo sharkaf kafin kowane shafi, daidai ne a kan bangon waje, amma a saman murhu shi ne yake kiran tabon. Kamfanin da ya buga hoton murhu a gaban bokitinsa ba zai ce bai san wannan ba. Ko layi ɗaya na gargaɗi babu.

Da aka tuntuɓe su, amsarsu ita ce a ƙara shafi biyu. Wato a ƙara ruwa a kan abin da ruwa ya jawo, a kuma ƙarar da bokiti a sayi wani. Nan ne raina ya ɓaci da su, taurarin suka sauko zuwa biyu.

Ga abin da ya yi aiki, ga mai son ya huta da wahala. A wanke farar ƙasar daga wurin tabon tun ba ta gama kamawa ba, da soso da ruwa kaɗan. A dama yumɓu mai tsotsa, ko a jiƙa takarda a dake ta ta zama ɓawo, a manna a wurin da kauri kamar santimita ɗaya, a bar shi ya bushe ƙamas da kansa. Yana bushewa yana jan ƙazantar zuwa cikinsa. Sai a ɓamɓare, a kakkaɓe da busasshen buroshi. Za a ga bayansa ya yi ruwan ƙasa. A maimaita har launin ya ragu. Tsofaffin maginan Ingila kashin shanu suke damawa su shafa siriri a irin wannan wuri kafin farar ƙasa, kuma har yau masu gyaran tsofaffin gine-gine suna ambatonsa. Mutumin da ya taso a ƙauyenmu ba zai yi mamaki ba, sai dai a falon da ake rufe tagogi saboda sanyi, uwargida ba za ta yarda ba. Bayan an ja abin da za a iya ja, a fesa ruwa kaɗan kawai, ba jiƙawa ba, a shafa siriri. Tabon ba ya tafiya ɗari bisa ɗari. Abin da ya rufe sauran shi ne ɗan garin launi na ƙasa, mai ruwan ɗorawa-ɗorawa, da aka zuba a shafin ƙarshe na dukkan murhun, farin ya koma ruwan madara, ragowar tabon ya saje. A tabbata launin na ƙasa ne ko na tsatsar ƙarfe, da yawa daga sauran launuka farar ƙasa cinye su take yi. Akwai fentin share fage mai toshe tabo, yana kuma toshewa da gaske, amma da ka shafa shi bulo ya daina shan ruwa, farar ƙasa ba za ta kama a kansa ba.

Wannan ya kawo gwajin da ya kamata su rubuta a murfi. Kafin a buɗe bokiti, a yayyafa wa bulo ruwa. In ya shanye nan take ya yi duhu, bismillah. In ruwan ya tsaya ƙwaya-ƙwaya yana gangarowa, wani ya taɓa shafa masa man kariya ko banish, kuɗinku zai tafi a banza. A sa safar hannu da tabarau, domin ɗigo ɗaya a ido ba wasa ba ne. Cikin ramin wutar kuwa ba wurinta ba ne sam.

Yanzu da aikin ya kammala, dole in sassauta, don murhun ya canza falon gaba ɗaya. Jan bulo mai duhu yana haɗiye haske, musamman a hunturun Ingila da rana ke faɗuwa wajen ƙarfe huɗu. Farin yana mayar da hasken fitila cikin ɗaki, kuma duk abin da aka ɗora a kanta sai ya fito fili. Kantar katakon oak ce, tsawon santimita 120, kauri 10 da faɗi 15, nauyinta ya kai kilo 13. A gama shafa kafin a kafa ta, ko a naɗe ta da leda sosai, don farar ƙasa tana baƙanta wannan katako inda duk ta ɗiga. A huda cikin bulo, kada a huda tsakaninsu, ƙasar da aka yi ginin da ita ta yi laushi ba ta riƙe ƙarfe. Kada kuma a zurfafa fiye da santimita 7 ko 8, saboda a gidaje da yawa kaurin bulo ɗaya ne tak tsakaninka da hanyar hayaƙi. Tazarar katako daga wuta ba abin ado ba ce: in murhun ƙarfe ne mai bututu a fili, ƙa'idar gini ta Ingila ta ce abin da ke cin wuta ya nisanci bututun da ninki uku na faɗinsa, wato bututu mai milimita 150 yana son tazarar 450. Katakon zai ɗan tsattsage da zafi, halinsa ne, ba lalacewa ba ce.

Wajen jera kaya, farin bango yana son abu kaɗan mai nauyin launi. Abu babba ɗaya a tsakiya ko ɗan gefe, madubi ko allon rubutu mai firam, faɗinsa kamar kashi biyu cikin uku na tsawon kantar. A gefe guda abu mai tsawo, tulu ko fitila. A ɗaya gefen ƙananan abubuwa uku masu bambancin tsayi. Tukunyar ƙasa ja ko baƙa da tasar tagulla sun fi komai kyau a kan wannan fari. Faifai masu launi ma suna yin kyau in an rataye su sama sosai. Ƙwarya da kayan fata kam a kai su wani wuri in ana hura wuta, zafi yana fasa ƙwarya ya busar da fata. Kyandir yana lanƙwashewa. Talabijin a saman murhun da ake amfani da shi, wuyanka da na'urar duka za su sha wahala.

Sai dai ko a nan ma akwai abin da bokitin bai faɗa ba. Farar ƙasa ba ta jure goga. Kaskon turaren wuta in aka ajiye shi a kan kantar kusa da bango, cikin ɗan lokaci zai zana baƙin layi sama, kuma in ka sa tsumma mai ruwa, farin ne zai biyo tsumman. Maganinsa a matso da kaskon gaba, ko a ajiye shi ƙasa a daɓen murhu. Firam ɗin da aka jingina ma yana kankare farin ya bar shaida, sai an manna masa ɗan ƙyalle a baya. Gyaran dai mai sauƙi ne, buroshi ɗaya siriri a wurin ya wadatar, shi ya sa ragowar take da amfani. A zuba ruwa ya rufe samanta kamar yatsa biyu, a rufe kam, a ajiye inda ƙanƙara ba za ta kama ta ba, za ta daɗe ba ta lalace ba. Amma a nemi wani bokitin, don murfin nasu tun buɗewar farko ya tsage. Tauraro uku na ba su, kuma na ukun albarkacin gefuna biyun nan ne.