Clonezilla a filashin Ventoy: yadda na same su a ɗakin kwamfutoci

Sana'ata gyaran kwamfuta ce da girka manhaja, kuma yawancin masu kirana makarantu ne da cibiyoyin da ake rubuta jarrabawa a kwamfuta, irin ta JAMB. Wanda ya taɓa shiga irin wannan ɗaki ya san halin da ake ciki. Kwamfutoci ne jere reras, kowacce tana son Windows iri ɗaya, burauza iri ɗaya, saiti iri ɗaya. In ka ce ɗaya bayan ɗaya za ka bi su, mako zai ƙare ba ka ci rabi ba, ga janareta yana ta shan dizal, ga mai makaranta yana leƙowa yana cewa, "Injiniya, ina aka kwana?" Abin da ya haɗa ni da Clonezilla ke nan.

Manhaja ce ta kyauta, Steven Shiau da abokan aikinsa suka samar da ita a cibiyar NCHC ta ƙasar Taiwan. Aikinta ta ɗauki hoton faifan ajiyar kwamfuta ɗaya kacokam, wato kwafin duk abin da ke cikinsa, ta zuba shi a wasu. Abin da ya fi burge ni shi ne ba ta kwafar wurin da babu komai. Faifai mai gigabait 500 da kayan cikinsa ba su wuce 30 ba, wannan 30 ɗin take ɗauka, ta kuma matse shi ya ƙara ƙanƙancewa.

Ni a kan Ventoy nake ɗora ta. Ventoy ya fito a 2020, kuma ya sauƙaƙa mana rayuwa ƙwarai: sau ɗaya ake girka shi a filashi, daga nan sai dai ka riƙa jefa fayilolin ISO (kwafin faifan girka manhaja a fayil guda) ciki kamar kowane fayil, in kwamfuta ta tashi ya jero maka su ka zaɓa. Clonezilla da Windows 10 da Windows 11 da Ubuntu duk suna zaune a filashi guda. Da yake babban ɓangaren filashin yana kan tsarin ajiya na exFAT ne, babu matsalar nan ta tsohon tsarin FAT32 da ba ya karɓar fayil da ya haura gigabait 4. Aibinsa ɗaya a wannan aiki: kwamfutar da Secure Boot ɗinta (tsaron da ke hana ta tashi da manhajar da ba ta amince da ita ba) ke kunne sai ta tsayar da kai a wani shuɗin allo ka shigar da mabuɗi kafin ta amince, kuma kowace kwamfuta sai an yi mata nata. A kwamfuta biyu ba komai ba ne, a ɗaki guda kuwa ɓata lokaci ne. Shi ya sa nake riƙe da wani filashi daban da na rubuta Clonezilla ita kaɗai a kai da Rufus, manhajar da ke shirya filashi don kwamfuta ta tashi da shi.

Asalin aikin yana kan kwamfutar farko, wadda za a ɗauki hotonta. Clonezilla ba ta gyara komai. Abin da ta tarar shi za ta raba wa kowa, mai kyau da marar kyau. Don haka a nan nake zama in natsu. In girka Windows, in sabunta shi, in sa manhajojin da ake bukata, in cire tarkacen da ba a so. In tabbatar BitLocker, makullin Windows da ke rufe bayanan faifai, a kashe yake, domin in faifan a rufe yake ba za ta iya bambance inda kaya suke da inda babu ba, sai ta kwashe shi gaba ɗaya, hoton ya yi girma, aikin ya yi nauyi. In kashe Fast Startup don Windows ya mutu sosai. Sannan in gudanar da Sysprep da zaɓin generalize, wanda ke goge shaidar da ta keɓanta da wannan na'ura, ta yadda kowace kwamfuta za ta tashi a matsayin kanta. Da zarar ta mutu bayan Sysprep, ba a barin ta ta sake shiga Windows; ana kunna ta sai a danna maɓallin zaɓar inda za ta tashi, F9 a HP, F12 a Dell da Lenovo, kai tsaye zuwa filashi.

Akwai dokar da ake bi a kanta: faifan da za a zuba wa hoto dole ya kai girman na asali ko ya fi shi. Mu da muke aiki da kwamfutoci na hannu, wannan ba ƙaramin abu ba ne, domin a ɗaki ɗaya za ka tarar da SSD mai 240 da mai 256 da tsohon faifai mai 500. Ka gina kwamfutar farko a kan mafi ƙanƙanta. In ka zo kan manya, zaɓin -k1 da ke sashen ƙwararru zai faɗaɗa ɓangarorin su cika faifan.

Fuskarta kuwa ba ta da kyau, gaskiya. Babu linzami, rubutu ne zalla da maɓallan kibiya, kuma faifai ba ya zuwa da sunan C ko D, sai sda da sdb da nvme0n1. Nan ne haɗarin yake, domin wanda ya zaɓi faifan da ba shi ba zai shafe abin da ke ciki. Tana tambaya sau biyu kafin ta fara rubutu, amma yaron shago mai gaggawa y (wato "eh") zai danna sau biyu bai karanta ba. Nakan sa yarana su karanta mini sunan kamfanin faifan da girmansa da babbar murya kafin su taɓa komai. Haka kuma ba a buɗe hoton cikin sauƙi a zaro fayil guda, saboda haka ba na ba wa kowa shawarar ya mayar da ita wurin ajiyar takardunsa na yau da kullum.

Inda take nuna bajinta shi ne ta wayoyin da suka haɗa kwamfutocin ɗakin. A cikinta akwai Lite Server: kwamfuta ɗaya ta riƙe hoton, sauran su tashi ta hanyar sadarwar ɗakin, a aika musu gaba ɗaya a lokaci guda. Sai dai tafiyar ta ayarin raƙuma ce, mafi rauni shi ke yanke saurin kowa. Waya ɗaya da ta lalace ko tsohon faifai ɗaya ya isa ya ja ɗakin duka baya, don haka nakan ware masu matsala in bi su daga baya da faifan waje. Kwamfutar da ke rabon kuma lallai ta kasance a kan inbata ko UPS, don in wuta ta ɗauke a tsakiya daga farko za a koma.

Magana ɗaya nake maimaita wa masu makarantu: kwafar Windows ba ta ba ka lasisinsa. Yawancin HP da Dell da suka zo da Windows 8 zuwa sama suna ɗauke da mabuɗinsu a cikin babban allon da ke cikin na'urar (motherboard), amma sai nau'in da ka zuba ya dace da shi, Pro da Pro, Home da Home. A duba wannan tun kafin a gina kwamfutar farko.

Wanda ke da kwamfuta uku ko huɗu, Rufus da filashin Windows sun ishe shi. Daga goma zuwa sama, musamman in samfurinsu ɗaya ne, Clonezilla nake ba da shawara, da sharaɗin a fara gwada hoton a kwamfuta ɗaya daga kowane samfuri, a ga ta tashi, sauti da intanet suna aiki, kafin a saki sauran.