Wankan Toka ko na Ruwa: Wanne Za a Tanadar wa Tsuntsaye?

Masu kiwo suna yawan yi mini wannan tambayar. Toka da yashi kusan kyauta ne: ka zuba a tsohon daro, kaza ta yi birgima, ƙurar ta tsotse maiƙon gashinta, ƙwarƙwata ta ragu. Sai dai jiƙaƙƙiyar toka tana cin fata, don haka a ajiye ta inda ruwan sama ba ya kaiwa.

Ruwa kuwa aiki ne. Kullum sai an canza, in ba haka ba ya yaɗa cuta, 'yan tsaki ma kan nutse a ciki. Amma tantabara shi take so. Ta fantsama, ta bar farin gari a samansa, ta koma gefe tana gyaran gashi da baki kamar amarya.

Mai kaji da zabi ya nemi toka. Mai tantabaru ya tanadi ruwa marar zurfi.